Zanen Tsohuwar Kalanda a Haɓata

Jama'a, ku yi min afuwa idan ban tsaya doguwar gaisuwa ba, labarin yau mai nauyi ne. Wanda ya taɓa ganin yadda ake naɗe haɓar mamaci da ƙyalle a ƙulle a tsakiyar kai, to haka aka ɗaure ni a makon da ya kamata in fi kowace budurwa a unguwarmu ta Mahjar farin ciki. Kuma da raina, idona biyu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Mastura mai ƙunshi. A nan Jidda aka haife ni, cikin gidanmu na katako da kwanon rufi, wanda in rana ta take sai ka rantse a tanda kake zaune. Mu uku ne a gidan: ni, da Abuya, wato mahaifina Malam Na'ibi, sai ƙanwarsa Gwaggo Dela mai ƙosai, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Abin ya faru ne a alif ɗari tara da saba'in da huɗu, ina 'yar shekara goma sha tara.

Sai na fara gaya muku zancen fuskar Abuya, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba. Bagobiri ne, a ƙafa ya zo ta Sudan, kuma zanen gidansu yana nan raɗau a kumatunsa daga gefen baki har kunne. A can gida an ce abin taƙama ne. A nan kuwa shi ya sa duk ɗan sandan da ya hango shi sai ya ɗaga murya, “Ya Takruni, fen iƙama?” Wato kai ɗan Takari, ina takardar zamanka? Ko takardar tana aljihunsa sai an shanya shi a rana. Ranar sunana wanzami ya zo da askarsa, Abuya ya ba shi goro ya ce ya koma. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu wai ya ɓatar da 'yarsa, shi ko a jikinsa. Tun ina ƙarama yakan riƙe haɓata da yatsu biyu ya ce, “Mastura, ban bar miki gona ba, ban bar miki gida ba. Wannan fuskar na bar miki, ita ce iƙamarki.”

Fuskar nan kuwa ita ce ta buɗe min ƙofar gidan su Abdulghani.

Abdulghani a tashar jiragen ruwa yake aiki, cikin masu sauke naman ƙanƙara. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Shi ma Bahaushe ne amma tun kakansa suke nan, sun samu takardar zama 'yan ƙasa, Hausar ma da gyara yake yin ta. Mahaifiyarsa, Hajiya Barakatu, duk Mahjar an san sharaɗinta: ɗanta ba zai auri mai tsaga ba, ko da ɗigo ɗaya ne a gefen ido. Ta ce ba za ta yarda a nuna jikokinta a makaranta a ce ga 'ya'yan Takari ba. Budurwa biyu ta kora a kan haka. Da aka gaya mata fuskata sumul take sai ta ce to, ranar Alhamis bayan la'asar za ta zo ta gani da idonta.

Hirarmu da shi a bakin ƙofa muke yi, yana waje, ina bayan labule, Gwaggo tana tsakar gida tana jiƙa wake. In ta yi tari sau ɗaya, saura kaɗan. In ta yi biyu, an tashi. A irin wannan hirar ce, wata uku kafin zuwan Hajiya, ya zuro min wani abu ta ƙarƙashin labule, mataji ne na ƙaho an naɗe shi a takarda.

“Matajin naki ne,” in ji shi, “amma ki duba takardar. Na san ke da son zane.”

Na warware. Shafin kalanda ne, da hoton wata tsohuwa. Gashinta fari fat, an soka masa gashin tsuntsu biyu, ta yafa wani mayafi na saƙa, ga wani koren dutse rataye a wuyanta. Amma ni haɓarta na tsaya kallo. Leɓenta baƙi-baƙi, daga ƙasan leɓen wasu layuka suka sauko, suka lanƙwashe, suka naɗe kamar dodon koɗi, na dama ya juyo ya fuskanci na hagu. Ban taɓa ganin layi mai natsuwa irin wannan ba.

“'Yar ina ce?”

“Niyu Zilan, ƙasar da ake kawo mana tumakin nan. Kukun jirgin ne ya ba ni, sunansa Hemi. Ya ce mutanensu ne, Mawori ake ce musu.”

“Fenti ne?”

“La, a cikin fata yake. Da ƙashi ake sassaƙa shi.”

Gwaggo ta yi tari biyu a jere.

Tun daga ranar hannuna ya ƙi bin tsohon zane. Mu a Mahjar ƙunshinmu sananne ne, a sa zare a ɗaure, ko a yi ɗigo-ɗigo irin na matan Hijaz. Ni kuwa na fara naɗe layi a tafin hannu da tsinken ashana, lanƙwasa biyu suna kallon juna, sannan su haifi ƙanana har kan yatsu. Amarya ta farko da na yi wa, mata suka riƙa juya hannunta kamar za su cire shi. Kafin wata ya ƙare ana aiko min har daga unguwar Bab Makka. Kowa yana tambaya a ina na samo, ni kuwa in ce Allah ne ya ba ni. Hoton yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfar mahaifiyata, domin Abuya ba ya son hoton mutum a gida.

Da na tsaya a nan da babu labari. Amma kullum in na buɗe akwatin sai in ji abin da nake yi a hannun mutane bai kai ba. Layin nan don haɓa aka yi shi, yana bin ƙashin, yana bin leɓe. Sau ɗaya kawai nake so in gan shi a inda ya dace, a fuska mai motsi.

Gwaggo ta sha ba ni labarin katambiri, wai a can gida 'yan mata kan zana fuska da ruwansa su je dandali, bayan 'yan kwanaki ya goge kamar ba a yi ba. Katambiri kuwa sai lokacin hajji ake samun sa a wurin baƙi. Abin da nake da shi sibga ce, baƙin dutsen nan da Zaituna maƙwabciyarmu 'yar Sudan take sayarwa, wanda nake dakawa in zuba kaɗan a lalle don ya yi duhu. Na ce a raina baƙi ai baƙi ne. Abin da katambiri ya yi, sibga ma za ta yi.

Ranar Asabar da hantsi, Abuya ya tafi gadin sito, sai Litinin zai dawo, Gwaggo ta kai ƙosai bakin tasha. Na jingina madubi a tulu, na ɗora hoton a gefensa, na dama sibga zalla, ko lalle ban sa ba, don ina son baƙin ya fito irin nata. Na zana. Wallahi hannuna bai taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Da na gama na ɗaga kai, sai na ga wata mace a madubin mai kwarjini, wadda ba wanda zai iya tsayarwa a rana. Na daɗe ina kallon ta, har na ji wurin ya fara ɗumi.

Na wanke. Baƙin ya zauna daram, ban damu ba, na ce kafin Alhamis sabulu da lemon tsami za su cinye shi. Zuwa azahar ɗumin ya koma ƙaiƙayi. Zuwa la'asar kamar an ɗora min garwashi. Na koma madubi, kowane layi ya kumbura ya tashi, ya yi ƙananan bororo cike da ruwa, kuma ba su kauce ko kaɗan daga inda na bi da tsinke ba.

A haka Gwaggo ta shigo ta same ni. Tiren ƙosai ya suɓuce mata.

“Innalillahi! Ke Mastura, wa ya yi miki wannan?”

“Ni ce, Gwaggo.”

“Ke ce? Da me?”

“Sibga.”

“Sibga a fuska? Zalla?” Ta dafe ƙirji. “'Yar nan kin kashe mu. Zaituna da kanta da tsumma take kama ta!”

“Na zaci kamar katambiri ce.”

“Katambirin uwar wa? Katambiri ɗan itace ne, wannan dutse ne mai cin nama. Garin neman gira kin rasa ido!”

Ta jawo ni bakin ƙofa wurin haske, ta juya fuskata dama da hagu. Ta shafa min man zaitun, ta shafa zuma, ta kawo farar ƙasa. Washegari bororon suka fashe, suka bar jan nama. Ranar Litinin suka yi ɓawo baƙi, zanen ya fito fiye da ranar da na yi shi. Gwaggo ta aika a tambayo Zaituna a fakaice, wai wata ce a Bab Makka abin ya samu. Amsar da ta dawo ita ce: wasu yakan dushe bayan shekara, wasu kuma da shi ake binne su.

“Mu ce man ƙosai ne ya fallatso min,” na ce ina kuka.

“Wane mai ne ya iya lanƙwasa biyu daidai wa daida? Ko man ya yi makaranta?” Ta miƙe ta yago farin ƙyalle daga tsohon zanenta. “Ciwon haƙori kike. Kin ji ko? Kumatu ya kumbura, iska ba ta so. Ubanki kuwa, in ya ga wannan, ban san wanda za a fara ɗauka tsakanin ke da shi ba.”

Ta naɗe min haɓa ta ƙulle a tsakiyar kai. Da ta ja baya ta dube ni sai ta yi saurin cewa a'uzubillahi, ta sauya ƙullin zuwa gefe. Ni ma na san abin da ta gani.

Abuya ya yarda, wannan ne ya fi ci min rai. Da yamma ya dawo da ƙullin kanumfari daga Bab Makka, ya zauna yana daka min da kansa. Ya miƙo yatsun nan biyu zai kama haɓata kamar yadda ya saba, na kauce na ce da zafi.

“Ma'alesh, uwata,” ya ce. “Haƙori ne kawai, zai wuce. Fuska dai tana nan.”

Na tusa kanumfarin a bakin da ba ya ciwo, yana ƙona min harshe, hawaye yana zuba. Ya zaci zafin haƙori ne, ya yi ta yi min sannu.

Ranar Laraba Abdulghani ya zo bakin labule. Na gode wa Allah da ya halicci labule.

“Na ji an ce haƙori? Salamtik. Gobe fa Ummi za ta zo, har ta sa an ɗinka sabuwar abaya.”

“Da sauƙi,” na ce ta cikin ƙyalle.

“Af, jirgin su Hemi ya dawo. Na ba shi labarin yadda zanenki ya kama gari. Da farko ya yi murna, can sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce a hannu kike yi ko a fuska? Na ce a hannu. Ya ce to alhamdulillahi, ko dai abin da suke cewa a yarensu.”

Na riƙe ƙofar da kyau. “Me ya sa?”

“Wai ba ado ba ne. Moko suke ce masa. Kowace mace da nata, ba a yin biyu iri ɗaya. Wanda ya iya karantawa, in ya dubi haɓarta zai gaya miki 'yar wane ce, jikar wane ce, daga wane kogi suka fito. Kakarsa ma tana da shi. Ya ce tsohuwar da ke jikin kalandar nan ta daɗe da rasuwa, kuma wanda ya ɗauki zanenta ya sa a fuskarsa, ya ɗauki kakannin wasu ya ce nasa ne. Wai su a wurinsu matattu ba sa barin irin wannan.” Ya yi dariya. “Na ce masa ya Hemi, kwantar da hankalinka. Wace mahaukaciya ce za ta zana wannan a fuskarta?”

Ashe irin na Abuya ne. Ashe abin da ya hana wanzami ya yi min da sunan Gobir, shi na yi wa kaina da sunan mutanen da ban san ko alƙiblarsu ba.

“Mastura? Kina ji na?”

Gwaggo ta yi tari biyu, Allah ya saka mata.

Ni musulma ce, na san mamaci ba ya dawowa. Amma ku gaya wa zuciya. Na buɗe akwati zan ƙona hoton, idon tsohuwar ya sauka a kaina, na kasa. Da can kallon kaka take yi min. Yanzu kuwa kallon wadda ta kama ɓarauniya da zanenta a ɗaure ne. Na mayar da ita ƙarƙashin atamfa na danne murfin, duk da haka ina jin haɓata tana bugawa kamar da wata zuciya a ciki.

Alhamis ta zo, ba ta yi jinkiri ba. Gwaggo ta share gida ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa dardumar aro, ta kunna turaren wuta har ido yana yaji. Ta jera ƙananan kofunan shayi da na'ana'a da faranti na ma'amul, cincin ɗin nan mai dabino a ciki. Ni aka sa min doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, da 'yan kunnen mahaifiyata, aka tsefe min kai aka shafa man kwakwa, aka rangaɗa min kwalli. Daga hanci zuwa sama amarya, daga baki zuwa ƙasa majinyaciya. Gwaggo ta sauya ƙyallen da sabo fari, ta ɗora mayafi a kai.

“Ki sunkuyar da kai, ki yi ta nishi kaɗan-kaɗan. Ta sha shayi ta tafi. In aka ɗaura aure, sauran na Allah ne.”

“In ta ce a kwance fa?”

“Wa zai ce wa mara lafiya ya kwance ɗauri? Yalla, share idonki.”

Abuya ya ɗauki tabarmarsa ya koma waje bakin ƙofa, don mata su sake.

Hajiya Barakatu ta shigo da sallama, ƙamshin turaren udu yana gabanta. Gajeriya ce mai jiki, da awarwaron zinariya har gwiwar hannu. Ta cire abaya, ta zauna, ba ta dubi shayin ba. Ni take kallo.

Gwaggo ba ta taɓa aurar da 'ya a gidan 'yan ƙasa ba, ni ma ban taɓa zama a irin wannan ganin ba. Ba mu san yadda matan Hijaz suke duba amarya ba. Hajiya ta ce in taso in kawo mata ruwa, ashe tafiyata take kallo. Ta rungume ni ta daɗe, ashe shinshina ni take. Ta shafa kaina ta ɗan ja gashin, ta ji ko nawa ne. Ta kama hannuna ta juya, ta ga naɗaɗɗen ƙunshin da ke tafina.

“Masha Allah, esh hada? Ke kika yi?”

“Ni ce, Khala.”

“Hilu.” Ta dubi goshina, ta dubi kumatuna, ta bi gefen idona da babban yatsa. “Sumul, kamar yadda aka ce. Tayyib.”

Na ji Gwaggo ta sauke numfashi.

Sai Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da 'ya'yan itacen lauz guda biyu masu ɓawo mai tauri kamar na ƙwara, ta ɗora a tafin hannuna.

“Fasa min da haƙori, ya binti.”

Gwaggo ta yi farat ta ce, “Ai Hajiya haƙorin ne ke ciwo, shi ya sa kika ga ɗaurin.”

“Na gani tun da na shigo.” Muryarta ba ta tashi ba. “Shi ya sa na kawo lauz. Uwar mijina da shi ta gwada ni. Macen da haƙorinta ya lalace tun tana budurwa, ciki ɗaya zai zubar da sauran. Wanne ne ke ciwon? Buɗe in gani.”

“Kumburi ne, Hajiya, iska ba ta…”

“Ya Dela, ko tunkiya ba na saye ban duba bakinta ba, balle uwar jikokina. Halas, kwance.”

Duk ƙaryar da ke duniya, sai muka zaɓi wadda ta kai hannunta daidai wurin. Gwaggo ta dube ni, na dube ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban iya ɗaga hannu ba, Hajiya da kanta ta miƙo nata, awarwaro suna kaɗawa, ta ja bakin ƙullin. Ƙyallen ya ɗan manne da ɓawon, ta ɓanɓare shi a hankali, ya faɗo a cinyata.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta kama haɓata da yatsu biyu, daidai inda Abuya yake kamawa, ta juya ni wajen hasken taga. Ta bi lanƙwasar dama da ido, ta bi ta hagu. Ta dubi tafin hannuna, ta sake duban haɓar.

“Na san zanen Gobir,” ta ce a hankali. “Na san na Katsina, na san na Barebari, na san na Sudan. Wannan ban san shi ba. Ke 'yar wane gida ce?”

Amsar tana ƙasan akwati, kuma ba tawa ba ce.

Ta juya wajen labule ta ɗaga murya, ba ta saki haɓata ba.

“Ya Malam Na'ibi! Kai ka aiko min cewa fuskar 'yarka babu zane. Shigo ka karanta min wannan, ka gaya min na wane dangi ne.”

Na ji ya amsa da fara'a, “Na'am, Hajiya, ga ni.” Na ji ya kakkaɓe tabarma, ya jawo takalminsa. Sannan yatsun nan biyu suka kama bakin labulen.